Kawuna da Ya Koyi Zana Mutane Bayan Furfura

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu ranar wata Talata bayan la'asar, a gidansa na Jega, bayan jinyar da ba ta cika kwana goma ba. Ina Aliero, inda nake koyarwa a makarantar firamare, Inna ta kira ni a waya. Ko sallama ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Taho, kawunki ya tahi." Kafin in samu mota in iso, maza sun riga sun fita da shi.

Mun yi tsammanin dangi da maƙwabta. Sun zo kuwa, amma waɗanda suka cika ƙofar gida a kwana ukun nan yawancinsu ba mu san su ba: mahauta, dillalan albasa, direbobi, masu dako, har da wani mai wankin hula. A rana ta biyu muna zaune cikin gida sai muka ji dariya ta tashi daga rumfar maza. Inna ta ɗaga kai daga carbinta, ranta a ɓace.

"Makoki a ka yi ko biki?" in ji ta.

Ba a daɗe ba aka aiko cewa wani tsohon mahauci yana neman izini ya gaishe ta. Na raka ta zaure. Tsohon ya durƙusa ya yi ta'aziyya yadda ta kamata, sannan ya cire hularsa, ya zaro wata takarda a ninke daga cikinta.

"Hajiya, ki yi haƙuri da dariyarmu. Dubi wada yayanki yai da ni."

Takardar buhun siminti ce, ta sha hannu har ta yi laushi. A jikinta an zana mutum da gawayi, wuyansa dogo kamar na zalɓe, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Inna ta duba, ta dubi tsohon, ta ja mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Wanga shi na na farko," in ji mahaucin. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata. "Wanga kuwa na bara na."

Ta biyun shi ne sak. Ga yadda yake karkata kai in zai yanka nama, ga idon nan na hagu da yake ɗan rufewa, ga jijiyoyin bayan hannunsa. Inna ta riƙe takardun biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, dariyar ta juye ta zama kuka. Shi ne kukanta na farko tun da aka yi rasuwar.

Da yamma wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta shigo, ta zauna can gefe kusa da randa. Da aka tambaye ta alaƙarta da mamacin, ta ce babu. "Sau ukku shina roƙo na in bari shi zana ni, ina cewa a'a. Shekara da shekaru ina zaune gabanai kasuwa, bai taɓa yi a ɓoye ba. Don haka niz zo."

Babban yayansu kuwa, wanda muke kira Kawu Malam, limami ne a unguwarsu a Mungadi, shi ya yi wa gawar salla. Ya zauna kwana ukun a kan buzunsa, duk wanda ya nuna takarda sai ya kau da kai, amma bai hana kowa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, jikokinsa za su tashi su ji ana cewa kakansu mai fentin motoci ne. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba.

Kawu ya shekara kusan arba'in a bakin tashar Jega yana yi wa manyan motoci masu bodin katako ado. Rubutunsa kamar an buga da inji. Yana zana fure, yana zana gaggafa, yana zana masallaci mai hasumiya biyu, zakinsa kuwa har direbobin wasu garuruwa ke zuwa nema. Mutum ne mai tsawon gaisuwa da gajeren haƙuri. Zai tambaye ka gida da gona da jaki, amma ka taɓa masa buroshi sai ka ji abin da ba ka so. In direba ya ce a ƙara wa zaki haƙora, sai ya ajiye fenti ya ce, "Kai ka taɓa ganin zaki? To ni ma ban taɓa ba. Bar shi wada shike." Shayinsa ba madara, goronsa rabi ne, sauran rabin a naɗe a ganye don la'asar.

Abu ɗaya ne ba ya zanawa, mutum. Inna ta ba ni labarin dalili. Yana saurayi wani direba ya sa shi zana ɗan kokawa a bayan mota. Da ya gama, 'yan tasha suka taru suka ce kwaɗo ne ya sa warki. Motar ta yi shekara biyu tana yawo tsakanin Jega da Maiyama, ana kiranta Mai Kwaɗo, duk inda ta wuce ana nuna ta. Tun daga nan duk wanda ya ce ya zana masa mutum sai ya ce ba aikinsa ba ne.

Sai matarsa ta rasu. Gwaggo muke ce mata, domin 'yar'uwar mahaifina ce. Su biyu suka yi zamansu shekara talatin da wani abu. Ba ta son hoto, wanda ke jikin katin shaidarta kaɗai ne, shi ma ruwan wata damina ya shiga akwati ya cinye shi. Bayan wata huɗu da rasuwarta Kawu ya zo gidanmu da hantsi, ya zauna a kan turmin da aka kife. Ina shara ina jin su.

"In na rufe ido in gan ta," ya ce wa Inna, "sai in ga kallabinta, in ga zanenta mai ruwan toka. Huskar ba ta zuwa."

"Sai addu'a, Yaya."

"Ina yi. Amma wanga hannu ya zana zakin da bai taɓa gani ba sau ɗari. Matar da yag gani kullum, ya kasa."

Ashe ya gwada. Ya ɓata takardu da yawa a ɗaki, duk abin da ya fito sai ya yayyaga. A nan ne ya yanke shawarar da ta ba kowa mamaki. Ya ce ba zai iya zana wadda ba ta nan ba sai ya iya zana waɗanda ke nan. A lokacin ya haura sittin, gemunsa ya yi fari fat, ya riga ya bar wa ɗansa rumfar fenti.

Daga baya shi da bakinsa ya ba ni labarin watannin farko, yana yi yana dariya. Kullum da hantsi sai ya tafi tashar da ya tsufa a cikinta, ya zauna a benci kamar mai jiran mota, guntun takarda a ɓoye cikin hannun babbar riga. Kunya ba ta barinsa ya ɗaga kai. Wata guda ƙafafu kawai ya zana: ƙafa mai kaushi, ƙafa cikin silifa, ƙafar mai dako da ta buɗe kamar faifai. Daga nan ya hau zuwa baya da ƙeya, tunda ƙeya ba ta kallon mutum. Daga nan sai masu gyangyaɗi. Ya ɗora wa kansa goma kullum, ko sun yi kyau ko ba su yi ba, kuma ba ya cin abincin rana sai sun cika.

Wata rana wani fasinja baƙo ya farka ya ga tsoho yana kallonsa yana rubutu a ɓoye. Ya yi tsalle ya kama masa riga, yana ihu wai asiri ake yi masa. Mutane suka taru. Da ba don shugabannin tasha sun san shi ba, da abin ya yi muni. Ya dawo gida da wuyan riga a yage, ya kwana uku bai fita ba. A rana ta huɗu ya fita da takardarsa a fili, a kan wani guntun katako, ya kuma yi alkawari ba zai sake zana kowa ba sai ya nemi izini. Ya ce min neman izinin ya fi zanen wuya. Ya tsaya gaban mutum bakwai ranar, bakinsa ya kasa buɗewa sai gaisuwa. Na takwas shi ne mahaucin nan, wanda ya ce, "Zana mana, in dai ba ka hana ni aiki."

Ni kuma a shekara ta uku da fara wannan abu na shigo ciki, ba da niyya ba. Malamin da ke koyar da zane a makarantarmu ya yi ritaya, shugaban makaranta ya duba ya ce ai ni jinin masu fenti ce, ya ɗora min darasin. Ina iya zana kofi da mangwaro. In aka zo mutum sai in yi da'ira in ja sanduna huɗu. Ranar da na zana manomi a allo, ajin gaba ɗaya ya fashe da dariya, na juya baya ina goge allo don kada a ga idona. Ranar Asabar na hau mota zuwa Jega, na sami Kawu a zaure yana fiƙe fensir da reza.

"Kawu, so nake ka zana min mutane kamar ashirin a kwali, in riƙa liƙawa a allo."

"Ba ni yi."

"Don Allah, Kawu."

"In na yi miki ashirin, ran da anka ce ki zana na ashirin da ɗaya fa? Zauna, Malama."

Ya miƙo min takarda, ya leƙa cikin gida ya kira matar ɗansa, wadda ke tankaɗe a tsakar gida, ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ce ba komai. Na ja layi ɗaya, na goge. Na sake ja, na goge. Sai ya miƙo hannu ya ɗauke abin gogewar ya jefa a aljihu. Ban sake ganinsa ba.

"Ke takarda ki ka kallo," in ji shi. "Mi ag ga takarda? Ba kowa cikinta. Ga mutum can."

Ya aika aka karɓo shayi, ya ajiye kofin a tsakaninmu, ya ce kafin ya huce in gama uku. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce ai bai ce masu kyau ba. Na yi ukun. Na farko kamar buhun da aka jingine, na biyu ba shi da wuya. A na ukun, ban san yadda aka yi ba, lanƙwasar bayanta ta fito, wannan sunkuyon na mai tankaɗe. Na ɗaga masa ina jiran yabo. Ya duba ya ce, "Kawo na gaba."

Har ya bar duniya ban taɓa jin ya ce zanena ya yi kyau ba. "Kawo na gaba" ita ce iyakar yabonsa, kuma da ita yake sallamar nasa zanen ma.

Ya ce min ina da abin da shi ba shi da shi, ina shiga cikin mata. Saboda haka ya ɗora min biyar kullum. Na fara da maƙwabtana a Aliero lokacin gyaran albasa, sa'ad da mata ke zama a inuwa suna yanke ganye suna ware ruɓaɓɓu. Makon farko ina riƙe littafi a cinya kamar mai ɓoye abin sata. Suna tsokana ta, "Malama, a rage min kumatu." Wata ta ce in na zana ta da haƙorinta da ya fita za ta kai ƙara ta wurin mai unguwa. Wasu suka ƙi, na bar su. Duk Asabar ta biyu nakan kai wa Kawu littafin. Yakan buɗa shafi shafi, ya sa farce a wani wuri ya ce, "Nan kin duba." Ya sa a wani ya ce, "Nan ƙarya kinka yi, kin zana hannun da kinka sani, ba wanda kinka gani ba."

Ba zan iya nuna ranar da tsoron ya tafi ba. Na dai lura wani lokaci cewa ina zane ina hira, har ina sa baki a gardamar matan, hannuna yana tafiya shi kaɗai. Na lura na daina riƙe numfashi in na zo wurin ido. Littafi ya ƙare na sayi wani, shi ma ya ƙare. Wata rana a aji na ce wa mai sharar makaranta, dattijo ne mai barkwanci, ko zai tsaya mana da tsintsiyarsa. Ya tsaya, na zana shi a allo da alli yara suna kallo. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Rigimarsu da Kawu Malam ta faru a gabana. Ya saba duk ranar kasuwar Jega yakan taso daga Mungadi, ya sauka gidan ƙanensa ya ci tuwo kafin ya koma. Labari ya kai masa. Ranar ya ƙi zama, ya tsaya a tsakiyar zaure da sandarsa, takardu a baje a tabarma.

"Dabba a jikin mota na yi shiru, don abincinka na," in ji shi. "Yanzu kuma ɗiyan Adamu? Da hurhurarka? Ka san abin da malamai sunka ce ga surar mai rai. Kuma ka jawo ɗiyar ƙanwarka ciki."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Yaya, kai kay yi karatu, ni ban yi ba. Ba ni ja da kai."

"To ka bari."

"Ban iya ce maka na bari in koma in yi. Ƙarya ta hi muni."

Kawu Malam ya dubi tuwon da aka ajiye masa, ya juya ya fita. Damina biyu bai sake taka gidan ba.

Kada a ɗauka maganar ba ta shiga Kawu ba. Ta shige shi ƙwarai. Ya yi wata biyu bai taɓa fensir ba, ya rame, ya riƙa zuwa wurin malamai yana tambaya. Wani ya tsananta, wani ya sassauta da sharuɗɗa. A ƙarshe ya koma zanensa, amma bai taɓa rataye ko ɗaya a bango ba, bai taɓa sayarwa ba, kuma duk wanda ya gama sai ya ce astagfirullah a hankali. Na taɓa tambayarsa ko yana ganin laifi ne. Ya ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Na dai san tun da nif fara, ban ƙara wuce mutum ban gan shi ba. Sauran na bar ma Mai rahama." Ni ma ya ce in tambayi nawa malaman in yanke wa kaina, kada in rataya a wuyansa.

A cikin waɗannan shekarun ne wani mai dako ɗan ƙauyen Giwa Tazo ya rasu, buhunan albasa suka zame daga mota suka danne shi. Magidanci ne, kullum yana tasha, Kawu ya zana shi ya fi sau ashirin domin shi ba ya ƙi. Bayan sadakar bakwai Kawu ya zaɓi guda ɗaya, wanda mutumin ke zaune a kan amalanke yana dariya, ya sa a cikin leda, ya hau mota zuwa Maiyama, daga can ya hau babur. Ya ce da ya miƙa wa mahaifiyar mamacin, ta daɗe tana shafa takardar, sannan ta ce, "Wa yag gaya maka haka shi ka zama?" Ya ce ba wanda ya gaya masa. Ta ce tun yana yaro haka yake naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa. Ta hana shi tafiya sai da ya sha fura.

Fuskar Gwaggo kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Ya gwada a shekara ta huɗu, ya gwada a ta biyar. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne bayanta: mace a tsugune gaban murhu, kai a karkace don kauce wa hayaƙi, hannun hagu a dafe da ƙugu. Ya kawo wa Inna. Inna ta duba sau ɗaya ta kira sunan marigayiyar da ƙarfi, kamar za ta juyo. Kawu ya karɓi takardarsa ya ninke. "Ya isa," in ji shi. Bai sake gwadawa ba. Na zaci daga nan zai daina zane, tunda abin da ya sa shi farawa ke nan. Washegari da hantsi yana tasha.

Abin da ya sasanta shi da yayansa ciwo ne. Kawu Malam ya faɗi a gona ana tsakiyar girbin gero, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ranar da labari ya zo Kawu ya ɗauki riga biyu ya tafi Mungadi, ya bar fensir da takarda a Jega. Ya yi kusan wata biyu a can. Shi ke juya shi, shi ke yi masa alwala, shi ke murza masa hannu da man shanu. Na je duba su wata Asabar, na same su a inuwar darbejiya, babba a kishingiɗe, ƙarami a zaune gefensa. Kawu yana kallon yayansa, yatsansa yana yawo a kan gwiwarsa bai sani ba. Kawu Malam ya lura. Maganarsa ta yi nauyi a lokacin, amma ana ji.

"Zana ni ka ka yi ko?"

Kawu ya dubi yatsansa, ya damƙe hannu. "Ba tawada, Yaya."

"Ban sake ra'ayi ba, ka sani."

"Na sani."

"To." Can ya ce, "Ran kasuwa a ce ma matar ɗanka ta rage yaji ga miya. Wancan karon ya yi yawa."

Wancan karon shekara biyu ke nan, kuma ko loma bai ci ba. Da ya samu sauƙi ya koma sauka a gidan. In zai zo, Kawu kan tattara takardu ya sa a akwati, shi kuma ba ya tambayar abin da ke cikin akwatin. Haka suka zauna, kowa da ra'ayinsa, kwano ɗaya.

A shekararsa ta ƙarshe hannunsa ya fara rawa. Goma ta koma biyar, biyar ta koma biyu. Layinsa ya zama kamar na mai zane a cikin mota, amma ko a haka in ka duba ka san wanda ya zana. Bai yi ƙorafi ba, sai dai ya daina fiƙe fensir da kansa.

Kusan mako uku kafin rasuwarsa na je Jega da littafina. Bayan azahar ne, zaure ya yi sanyi, ana jin masu tallan rake a waje. Ya buɗa shafuka kaɗan ya rufe, ya miƙo min.

"Akwai wanda ba ki zana ba."

"Wa, Kawu?"

"Ni. Shekara goma ina kallon mutane, ba wanda yat taɓa zama shi kalle ni."

Na ce ai ban kai ba. Ya ce in ya jira in kai, sai dai a zana kushewa. Ya gyara hula, ya jingina da bango, ya ɗora hannaye a gwiwa, ya yi ƙiƙam kamar mai jiran hoton kati. Na ce ya saki jiki. Ya ce ashe abin da wuya, yanzu ya san abin da ya riƙa sa mutane.

Na fara. Minti kaɗan sai na manta Kawu ne mai sa farce a shafi. Na ga tsoho kawai, na ga yadda kuncinsa ya faɗa, da tabon fenti shuɗi da ya ƙi fita daga gefen babban yatsansa, da yadda girarsa ta dama ta fi ta hagu tsayi kamar kullum yana shirin musu. Muna hira jefi jefi, har kansa ya karkata, barci ya ɗauke shi. Na ci gaba. Ban ji wucewar lokaci ba sai da aka kira la'asar ya buɗe ido.

"Kin gama?"

"Na gama, Kawu."

Ya karɓa, ya nisanta takardar daga idonsa, ya matso da ita. Ya daɗe ƙwarai.

"Ashe haka nit tsuhwa," in ji shi. "Ba wanda yag gaya min."

Ya shafa gemunsa, ya sake dubawa, sannan ya sa farce a gefen kai. "Kunnen ya yi ƙasa. In kin dawo mu sake."

Washegari Lahadi na koma Aliero. Asabar ta gaba jarabawa ta riƙe ni, wadda ta biyo kuma na same shi a kwance, ba ya iya zama. Kunnen yana nan a ƙasa yadda na yi shi. Na duba da kyau daga baya, gaskiyarsa ne, ya sauka da kusan faɗin yatsa. Ba zan gyara ba.

Allah Ka gafarta wa Kawu abin da ya sani da abin da bai sani ba. Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da Gwaggo a inda zai gan ta ido da ido. Mu da muka rage, Ka ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.